Ba Ke Kika Ajiye Ni Ba

Mai Fenti, kai ka kashe wa 'yata karatu. Da saninka ka yi, da hankalinka, kana murmushi. Na san kana leƙa shafin nan, don kai ka fara nuna min shi a wayarka, kana dariya wai mata suna zuba labaran soyayya a ciki. To ga nawa na kawo. Ni ban yi boko ba, magana nake yi waya tana rubutawa. In kun ga wani wuri ya karkace, ku yi haƙuri, baki ne ba alƙalami ba.

Ku da ba ku san mu ba, ku tsaya ku ji ko su wa muke.

Wanki da guga nake yi. Tun mijina yana da rai nake yi, da ya rasu na ƙara hannu. 'Ya ɗaya Allah Ya bar min, Kofur muke ce mata a gida. Ta wuce kofur tun tuni, da igiya uku a hannu ta bar aikin soja, amma sunan ya riga ya kama ta. Yawancin aikinta a sito ta yi shi. Ita ke karɓar kaya, ita ke fitarwa: takalma, barguna, man mota, buhunan abinci. In motar soja ta tashi da safe, Kofur ta san abin da ke cikinta da wanda zai sauke shi.

Da aka sallame ta, ta dawo min da jaka da akwatin ƙarfe, da kai cike da tsari. Ina guga tana zaune a kan akwatin tana gaya min. Da farko jami'a, ta yi karatun lissafin kuɗi da harkar kaya. In ta gama, sai babbar makarantar kasuwanci, wadda sai masu digiri ke shiga. Daga nan ta kafa kamfaninta na kai kaya, mota ɗaya tukuna, sannan biyu. Ta ce aikin da ta yi wa soja da motocin soja, shi za ta yi wa 'yan kasuwa da nata. Hukumarsu ce za ta ɗauki nauyin karatun, amma da sharaɗi: sai mutum ya shiga makaranta a shekarar farko bayan sallama. In ta wuce, ta wuce ke nan. Kuma jarrabawar da jami'a ke yi wa tsofaffin sojoji sau ɗaya ce a shekara.

Na ce mata ni ina ruwana da digiri, ta dai ci abinci, ta yi ƙiba. Ta ce za ta sayo min injin wanki ƙato, in zauna a kujera ina ba shi oda. A wannan maganar kaɗai nake ganin haƙoranta. In ba ita ba, fuskarta kamar bangon ɗaki, ba fushi ba fara'a.

Akwai abin da ta dawo da shi wanda ba ya cikin jaka.

Wata rana na ɗora tukunya, mai karɓar kaya ya yi sallama, na ce mata, tsaya min a kan tukunyar nan in dawo. Na fita, hira ta ja ni, daga nan na wuce sayen sabulu. Da na dawo na tarar ta sauke tukunyar, ta kashe wuta, amma tana nan tsaye a bakin murhu, ƙafa a ware, hannu a baya. Na ce ke lafiya? Ta ce ban karɓe ta ba. Na ɗauka wasa ne, na yi dariya. Ba ta yi ba. Gumi na tsiyaya ta wuyanta. Sai da na ce, to na karɓe ki, sannan kafaɗunta suka sauka, ta je ta zauna.

Daga baya ta gaya min dalili, sau ɗaya, a taƙaice, tana kallon dutsen guga yana zuwa yana dawowa. A wani sansani da suka zauna, an ajiye wani abokin aikinta gadin ƙofar baya. Mai canjinsa ya makara. Ƙishi ya dame shi, ya ga ba kowa, ya ce bari ya je ya sha ruwa ya dawo. Ta wannan ƙofar aka shigo musu. Ba ta faɗa min mutum nawa ba. Ta dai ce bargunan da aka rufe su da su, daga sitonta suka fito, ita ta miƙa su da hannunta.

Tun daga nan, in aka ajiye ta a wuri, ba ta iya matsawa sai wanda ya ajiye ta ya dawo ya ce ya karɓe ta, ko ya aiko wani da bakinsa. Ba taurin kai ba ne. Ƙafar ce ba ta ɗaguwa. Likitansu ya ce da sannu abin zai sake ta. Ni kuwa na koyi zama da shi. In na sa ta jiran ruwa ya cika, ko ta duba min shanya kar iska ta kwashe, ina dawowa sai in ce na karɓe ki, kamar yadda ake cewa sannu da gida.

Ana haka kai ka shigo, Mai Fenti.

Fenti ta je saya, za ta gyara ɗakin da take karatu. Washegari sai ga ka da bokiti biyu da masu shafe, wai falon ma ai ya kamata ya ga haske. Shuɗi mai sanyi kuka shafa mana, har yanzu yana nan, kullum ina kallonsa. Ni mai wanki ce, tufa nake fara dubawa a jikin mutum. Farar riga ka sa, karin guga kamar wuƙa, ko ɗigon fenti babu. Na ce a raina, mai sayar da fenti da fenti ba ya taɓa shi. A lokacin na ɗauka tsabta ce.

Bakinka da zaƙi, ba zan hana ka wannan ba. Kullum da safe saƙon murya ne, tana shan shayi tana kunnawa, ni ma ina ji.

"Ranki ya daɗe, kwamandata. Sojanki ya tashi, ya wanke fuska, yana jiran oda."

Sai ta ɗan taɓe baki ta kife wayar. Amma na ga ta fara sa turare. Ta fitar da 'yan kunnen da na saya mata tun kafin ta shiga soja. Mayafin ruwan toka da take yawo da shi kullum ya koma ƙasan akwati, ta sayo mai ruwan ganye. Kai ka kawo mata littattafan jarrabawa, ka kawo fitilar tebur. A gabana ka ce kai ba ka yi nisa a makaranta ba, saboda haka matarka za ta yi muku ku biyu. Jami'ar tana wani gari mai nisa, makarantar kasuwancin ta fi ta nisa, ka ce ko bangon duniya ne za ka jira.

Wanda bai yarda da jira ba shi ne yayana, kawunta, mai gyaran agogo. Tun da ubanta ya rasu shi ke tsaya mata a matsayin uba. Duk zuwan da zai yi maganarsa ɗaya. Mace ta haura talatin, ta riƙe bindiga, maza suna ganinta suna canza hanya, Allah Ya kawo mai so da sana'arsa da motarsa, ana maganar shekara huɗu a can, biyu a can? Ya ce in ta dawo da takardun, su za ta goya? Na ce Yaya, ai shi mai son ya ce zai jira. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce tun ina yarinya ba na gane magana sai an buga min ita a ka.

Wata rana kana falo, na dawo daga shanya na ce mata na karɓe ki. Ka tambaya, wane irin gaisuwa ce wannan? Ita da kanta ta ba ka labarin, har da ƙofar baya, har da barguna. Abin da ba ta gaya wa kawunta ba, kai ta gaya wa. Ka sunkuyar da kai, na ga kamar har idonka ya kawo ruwa.

Daga nan ka mai da shi wasa. Ka ba ta wayarka ka ce riƙe min, ka leƙa waje ka dawo, ka ƙame ka sara mata, ka ce na karɓe ki, kwamanda. Tana murmushi. Ka ajiye ta a bakin mota ka shiga shago. Ka ajiye ta a kan kujera ka je alwala. Yau ka daɗe kaɗan, gobe ka ƙara. Ni ina ganin kamar magani kake yi mata. Ashe awo kake yi.

Ranar jarrabawa na tashi na goge mata doguwar riga mai ruwan ƙasa, na sa mata sitaci kaɗan yadda take so. Ta goge takalminta har yana ɗaukar ido, aikin da ba ta daina ba tun na soja. Fensir biyu a aljihu, katinta a jaka. Ta sha rabin kofin shayi, ta ce burodin ba zai wuce ba. A wani babban zaure za a yi, can ƙarshen gari, kuma an gaya musu da an fara ake rufe ƙofa. Ka zo da sassafe, ka ce ba za a ce kana da mota kwamandarka ta hau ta haya ba. Na raka ku bakin titi. Ta waiwayo ta ce, Inna, ki fara neman inda za a ajiye injin.

Na koma kan guga. Ban gama riga uku ba wayata ta yi ƙara.

"Inna, ina bakin siton Mai Fenti."

Muryar a miƙe, ba hawa ba sauka. Na ce me kike yi a can? Ta ce ka biya da ita ta wurin, wai an kira ka an ce kwaɗon ƙofa ya lalace. Ka ɗage ƙofar, ka cire kwaɗon ka sa a aljihu, ka ce za ka sayo sabo a bayan layi. Na ce to me ya ce miki? Ta maimaita min kamar mai ba da rahoto: tsaya min a ƙofar nan, kar ki matsa sai na dawo na karɓe ki.

Ban san sanda na zare wayar dutsen guga ba. Na tari motar haya da silifas ɗin wanki a ƙafata.

Layin masu kayan gini ne. Buhunan siminti a jibge, rodi a shimfiɗe a gefen hanya, masu dako suna kai da kawowa. Sitonka na tsakiya, ƙofar ƙarfe a naɗe sama, bokitan fenti har rufi, wari yana hawa kai. Ga 'yata a hannun dama na ƙofar, ƙafa a ware, hannu a baya, jaka a rataye. Rigar da na goge ta jiƙe a baya.

Na tsaya a gabanta na ce, "Na karɓe ki. Kofur, na karɓe ki. Wuce ki tafi."

Ta dube ni. Idon a bushe.

"Ba ke kika ajiye ni ba, Inna."

Na ce ni uwarki ce, ni na ajiye ki a duniyar ma gaba ɗaya. Na ce zan zauna a nan, ko ƙuda ba zai shiga ba. Mai siminti na kusa ya fito, dattijo ne, ya ji abin da ake ciki, ya ce shi zai tsaya, shekara da shekaru suna maƙwabtaka da kai, ko murfin gwangwani bai taɓa ɓata ba. Ta gode masa da ladabi. Ta ce sai kai, ko wanda ka aiko. Na kama hannunta na ja. Na sa ƙarfina duka, ƙarfin matar da ta shekara talatin tana matse bargo. Kamar ina jan turken wutar lantarki. Ƙafar ba ta ɗaga ba.

Na kira ka. Wayar tana shiga, ba ka ɗauka. Na sake, na sake. Mai siminti ya kira da tasa. Ba abin da muke nema sai ka buɗe baki a waya ka ce ka karɓe ta, ko ka ce ka wakilta ni. Sai ga saƙon murya a wayarta. Na ciro ta daga jakar na kunna.

"Ina hanya, kwamandata. Kar ki matsa."

Aka jima wani ya shigo. Wai mota ta ɗan ba ka matsala, amma ga ka nan. Kar ta matsa.

Na zauna a kan wani bokiti. Inuwar ƙofar tana janyewa daga kanta kaɗan-kaɗan har rana ta same ta sosai. Ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya. Can ta zaro fensiran nan biyu daga aljihu, ta miƙo min, ta ce in riƙe, suna sukarta. Daga nan na san an rufe zauren.

Sai da rana ta raba ka iso. Sabon kwaɗo a hannu, lemo mai sanyi a leda, rigarka fara tas, ba maiƙon mota ko a farce. Ka ɗora hannu a ka, ka yi salati, ka ce wallahi ka ɗauka ta tafi tun tuni. Na ce ba wannan ba, ka ce ka karɓe ta. Ka yi 'yar dariya, ka ce Inna, ke ma kin shiga wasan namu? Ka sauke ƙofa, ka danna kwaɗo, ka kama hannunta ka buɗe, ka sa makullin a ciki.

"Riƙe, kwamandata. Ai wurin naki ne yanzu."

Ta rufe hannun. Ƙofa a kulle, makulli a hannunta, ƙafar ta ɗagu, amma ba ka ce ka karɓe ta ba. Ka kawo mu gida a motar da ka ce ta lalace, tana tafiya lafiya lau.

Da yamma na ɗauki wayarta na sake kunna saƙonnin, ban san me nake nema ba. A na biyun, bayan muryarka, na ji wani abu yana bugawa. Na kai kunne. Agogon bango ne, mai wata irin ƙara a shaƙe kamar tsoho mai mura. Agogon babanmu ne. Da shi na tashi. Yana rataye a shagon Yaya, bisa kan teburinsa.

Washegari na je. Yaya yana zaune da gilashi a ido, ya buɗe cikin wani agogo. Ban ma gama tambaya ba ya amsa, ko kunya babu. Ya ce eh, yaron ya zo tun safe, sun sha shayi, sun yi hira. Ya ce yaro ne mai hankali, bai so ya hana ta da baki a ce ya tauye ta, sai ya bar abin ya wuce da kansa. Ba duka, ba zagi, ba wanda ya ji ciwo. Nan gaba ita da kanta za ta gode.

Na dubi bangon shagon. Agogo ta ko'ina, manya da ƙanana, kowanne yana tafiya. A nan ka zauna, Mai Fenti, ka harɗe ƙafa, kana kallon lokacin 'yata yana wucewa ta fuska ashirin.

Na ce, "Yaya, ka san me ya sa ba ta iya matsawa?"

Ya ce taurin kan sojoji ne. Na ba shi labarin ƙofar baya da barguna. Ya cire gilashin daga ido, ya ajiye. Ya ce shi ba a gaya masa wannan ba. Na ce kai ba a gaya maka ba, shi an gaya masa. Ban zauna ba, na fito.

Na dawo gida da niyyar in gaya mata a hankali. Na same ta tana ninke littattafan tana jerawa a akwatin ƙarfe, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Na sani, Inna. Tun saƙon farko na ji agogon Kawu."

Ta sani. Tana tsaye a ƙofar nan ta san inda kake, ta san abin da kake yi mata, kuma ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Ku da kuke karantawa, ku tsaya a nan kaɗan kafin ku wuce.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ta yi wanka, ta yafa mayafin nan mai ruwan toka, ta tafi sitonka. Ta zura makullin a igiya ta rataya a wuya, inda take rataya lambarta ta soja a da. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa. Ta jera maka fenti kala-kala, na mai daban, na ruwa daban, wanda ya kusa lalacewa a gaba. Na ji kana gaya wa mutane tun da ka buɗe wurin bai taɓa tsaruwa haka ba. Ka samu abin da ka hango tun ranar da ta zo sayen bokiti ɗaya. In ta dawo, abin da na ajiye mata shi take ci, ko da gishiri ko babu. Saƙonninka suna shigowa, ba ta kunnawa, ba ta gogewa. 'Yan kunnen suna kan taga. Na tambaye ta ko har yanzu tana son ka. Ta ce ba ta sani ba, ba ta jin komai, kamar an yi mata allurar cire haƙori a jiki duka.

Ni ma haka nake. Mutane suna cewa in yi kuka in huta, kukan bai zo ba. Shekaranjiya ina guga na ji ƙauri, na ɗaga riga na duba, ba ita ba ce. Gefen hannuna ne ya kwanta a jikin dutsen. Na tsaya ina kallon wurin yana tashi. Na sa masa ruwa na ci gaba.

Amma ƙafata ni tana ɗaguwa. Na nemi ofishin da jami'ar ta buɗe a gari saboda jarrabawar, na je. Na zauna a benci har aka gaji da ganina, aka shigar da ni wurin wata mata mai tabarau. Na ce mata ni ban san kan takarda ba, baki na kawo. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce akwai zama na biyu da ake yi wa waɗanda ciwo ko hatsari ya hana zuwa. Kwamiti ne ke tantancewa, kuma mako mai zuwa za su zauna, daga shi an rufe sai baɗi. Baɗi kuwa shekarar Kofur ta wuce. Ta ce maganar uwa ba ta isa ba, kowace uwa za ta faɗi haka. Abu biyu suke so. Ita Kofur ta zo da ƙafarta a lokacin aiki. Sannan wanda ya tsare ta ya zo ya faɗa da bakinsa cewa shi ya tsare ta.

Lokacin aiki kuwa Kofur tana gadin sitonka. Na ce mata duka biyun a hannun mutum ɗaya suke.

Daga can shagonka na wuce, ba siton ba, inda kake zama a ƙarƙashin fanka. Ka tashi ka ba ni kujera, ka aika a kawo ruwa. Na ce ban zo sha ba. Na faɗa maka abin da matar ta ce. Ka yi ta juya zobe a yatsa.

"Inna, ni fa ban ɗaure ta ba. Kin ga igiya?"

Na ce na gani, tana wuyanta.

Sai ka sauke murya. Ka ce son ta kake yi, Allah Ya sani. Ka ce in ta tafi ta shekara shida cikin masu ilimi, ta dawo da digiri biyu da motocinta, me za ta yi da mai sayar da fenti? Ka ce tun da ta fara maganar makarantar nan ba ka barci. Wataƙila gaskiya ka faɗa. Ni ban zo auna son da kake yi ba. Na ce to ka je ka gaya mata haka, ka bar ta ta zaɓa da ƙafarta a sake. Ka sake juya zoben. Can ka ce in kwantar da hankalina, za ka karɓe ta.

Na ce yaushe?

"Ranar da ta shigo gidana."

Shi ya sa na kawo maganar nan inda ka ce mata suna zuba soyayya. Ga taka soyayyar, kowa ya gani. Yarinya ta buɗe maka ciwon da ko kawunta ba ta buɗe wa ba, ka duba shi da kyau, ka ga daidai inda za ka sa kwaɗo.

Yaya, na san za a karanta maka. Shayinka Mai Fenti ya sha, a ƙarƙashin agogon babanmu. Ka ce ba ka sani ba. Yanzu ka sani. Ka rufe shago ka zo ka faɗa wa kwamitin nan inda ya zauna ranar, ko kuma ka daina kiran kanka uba a gare ta.

Kai kuwa Mai Fenti, abin da nake nema ba shi da yawa. Ka zo bakin sitonka da rana, gaban mai siminti da masu dako. Ka tsaya a gabanta, ka miƙa hannu, ka karɓi makullinka. Ka ce ka karɓe ta, da ƙarfi yadda za ta ji, ba da dariya ba. Sannan ka shiga motarka mai lafiya, mu je gaban mutanen nan, ka faɗi inda ka zauna da abin da ka sani lokacin da kake zaunen. Bayan nan in ta ce tana son ka, ni zan goge maka rigar da za ka sa. In ta ce ba ta so, ka kama hanyarka.

Na kwaso teburin guga na kafa a bakin siton tun jiya. Mai siminti ya ba ni wuta. Duk wanda ya zo sayen fenti, kafin ya shiga sai ya ji labarin nan daga bakina, kuma wasu sun fara juyawa. Fensiranta biyu suna ɗaure a bakin zanena, na fere su.

'Yata tana tsaye a dama. Ni ina hagu. Ita kai ka ajiye ta, ni ba wanda ya ajiye ni, saboda haka ba mai karɓata. Ka fito ka amsa abin da ka yi.